Injin Bitil ɗina yana zafi a doguwar tafiya: a cire ƙyamaren iska ko a gyara su?

Mai_Bitil_Zariya ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa ma'abota wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san tsofaffin motocin Volkswagen masu injin da iska ke sanyayawa, domin maganar ta kai inda ba na son in yanke hukunci ni kaɗai. Motar Bitil ce ƙirar Jamus ta 1973, mai inji 1600, wadda na gada daga mahaifina, Allah ya jiƙansa. Ta daɗe a jingine a gida ba a hawanta, sai bara na sa aka sauke injin, aka canza ringi da bawul, aka mayar da shi.

A cikin garin Zariya ba ta ba ni wata matsala. Amma da zarar na kama hanya mai nisa, musamman hanyar Jos inda ake fara hawan tudu bayan an wuce Saminaka, sai ƙarfinta ya ragu, in riƙa jin ƙara kas-kas daga baya duk lokacin da na taka totur, ga kuma ƙaurin mai da ƙarfe mai zafi yana shigowa cikin mota. Idan na tsaya na bar injin a silo, fitilar mai takan riƙa ƙyaftawa, kuma gejin bakin mai yakan yi zafin da ba zan iya riƙe shi da hannu ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, ɓangaren hagu na injin ya fi na dama zafi nesa ba kusa ba, har ina jin bambancin idan na kusantar da hannuna ga murfin bawul na kowane gefe.

Bakaniken da ya yi mini aikin ya ce laifin wasu ƙyamaren iska ne da ke cikin gidan fanka, waɗanda tamosta, wata 'yar na'ura mai aiki da zafin inji, ke buɗewa da rufewa. A cewarsa Turawa sun yi su ne saboda sanyin ƙasarsu, ba su da amfani a ƙasar zafi, kuma maganin shi ne a ciro su gaba ɗaya a jefar. Na ce ya dakata tukuna. Shin da gaske waɗannan ƙyamare suna iya haddasa irin wannan zafi? Yaya mutum zai tabbatar su ne kafin a sake sauke inji? Idan kuma su ne, cire su ya fi ko gyarawa? Na gode ƙwarai.

Tsohon_Bakanike ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, ka yi daidai da ka ce ya dakata, kuma ka ajiye doguwar tafiya da motar nan har sai an gano abin da ke damunta, domin alamomin da ka lissafa su ne injin Bitil yake nunawa kafin ya buga. Bakanikenka yana iya yin gaskiya game da inda cutar take, amma maganin da ya kawo ba na goyon bayansa, kuma zan faɗi dalili.

Injin nan ba shi da lagireto, ba shi da ruwa, ba shi ma da allurar da za ta nuna wa direba zafi. Rayuwarsa duka ta rataya ne a kan fankar da ke bayan dinamo, wadda fambel ke juyawa da gudun da ya kusa ninka na injin sau biyu. Idan injin yana gudu sosai, fankar tana tura iska fiye da lita 500 a sakan ɗaya zuwa cikin gidan fanka, daga nan ta sauka ta ratsa tsakanin haƙarƙarin silinda (siraran fika-fikan ƙarfen da ke jikinta don fitar da zafi) da na tof-silinda, wato murfin saman silinda, ta fice ta ƙasa. A tsofaffin injuna na kafin 1965, zobe ne a bakin fankar yake rage iskar idan injin yana da sanyi. Daga 1965 aka koma ga ƙyamare huɗu a gindin gidan fanka, biyu a dama, biyu a hagu, kuma irin wannan tsarin ne a motarka.

Tamosta ɗin yana ƙarƙashin injin a gefen dama, ƙasan silinda ta 1 da ta 2, a cikin wani mariƙi da aka ɗaure da noti a jikin injin. Gwangwani ne na tagulla mai lanƙwashe-lanƙwashe kamar zugazugin maƙeri, yana tsukewa idan ya yi sanyi, yana miƙewa idan ya ji zafi. Wata siririyar sanda ta tashi daga kansa ta bi ta tsakanin silindojin biyu har ta kai ga ƙyamaren dama. Idan ya tsuke sai ya ja sandar ƙasa, ƙyamaren su rufe; idan ya miƙe sai sandar ta hau sama, su buɗe. Abin lura a nan shi ne ƙyamaren hagu ba su da tasu sandar daga tamosta. Wani dogon ƙarfe mai faɗi ne ya haɗa su da na dama, yana kwance a bayan gidan fanka ta gefen da ke fuskantar kujerar baya, inda ido ba ya gani, kuma akwai sifirin da ke jan wannan ƙarfe zuwa wajen buɗewa. Da ka ce hagu ya fi dama zafi, hankalina nan ya fara zuwa, domin idan ƙarfen ya zame daga mazauninsa ko ya lanƙwashe, tamosta zai buɗe dama lafiya lau ya bar hagu a yadda ya same shi.

Ba sai an sauke inji ba kafin a gane. Ka bari motar ta kwana ta huce, ka ɗaga bayanta da jak, ka tokare ta da abin da ba zai zame ba, sannan ka cire farantin ƙarfen da ya rufe ƙasan silindojin dama. Za ka ga tamosta a tsuke, da rata tsakanin kansa da saman mariƙin. Ka kwance kusar da ta riƙe shi ta ƙasa da sifana 13. Da ka sake shi, ya kamata sifirin ya fizge shi sama da kansa, ka ji ƙarar ƙyamaren sun buɗe. Idan bai motsa ba, ko sai ka tura da ƙarfi, to ko dai sifirin babu, ko tsatsa ta kama mahaɗan. Daga nan ka sa wani ya riƙa jan sandar ƙasa yana sakinta, kai kuma ka zura hannu bayan gidan fanka, injin a kashe, ka laluba dogon ƙarfen daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Dole ka ji yana tafiya, kuma dole ka ji hannuwan ƙyamare huɗun duka suna juyawa tare da shi. Wanda ya tsaya cik, shi ne mai laifin.

Dalilin da ya sa ba na yarda a jefar da su shi ne, aikinsu biyu ne, mutane kuwa ɗaya suka sani. Suna tare iska idan injin yana da sanyi, wannan kowa ya sani. Amma ko da sun buɗe gaba ɗaya ba su zama banza ba, domin yadda suke tsayawa a karkace shi ke raba iskar, ya karkata kaso mai yawa zuwa tof-silinda, wurin da wuta take ci, inda bawul ɗin hayaƙi yake. Idan aka cire su, iska takan bi hanya mafi sauƙi ta zube a jikin silinda, tof-silinda kuma ya samu ƙasa da rabonsa. Na ga injuna da yawa da aka yi wa haka, mai motar yana murna zafi ya ragu saboda ƙyauren da ya maƙale ya tafi, amma bayan wani lokaci sai a same shi da tof-silinda a tsage tsakanin ramin fulogi da mazaunin bawul.

Direban_Kombi_Sakkwato ya amsa:

Baba, Allah ya ƙara girma. Na yarda da kai cewa ba a jefar da ƙyamaren, amma ina da ja a kan tamosta ɗin kansa. Na daɗe ina tuƙa Kombi mai irin wannan inji tsakanin Sakkwato da ƙauyukan da ke kewaye, kuma a watan Afrilu da Mayu zafin garinmu yakan haura digiri 40 a inuwa. A irin wannan yanayi ban ga abin da injin zai yi da na'urar da aikinta shi ne ta hana shi iska ba. Abin da muke yi shi ne mu bar ƙyamaren a mazauninsu, mu buɗe su gaba ɗaya, mu ɗaure dogon ƙarfen da waya mai ƙarfi yadda ba za su ƙara motsi ba, sannan mu cire tamosta mu ajiye. Da haka an samu rabon iskar da kake magana, an kuma huta da fargabar cewa wata rana abu zai maƙale a rufe a tsakiyar daji.

Shi kuma mai tambaya, ina ba shi shawara kada ya ɗora wa ƙyamaren laifi duka tun kafin ya duba abubuwan da suka fi su sauƙin dubawa. Motar da ta daɗe a jingine, babu abin da ba a samu a gidan fankarta: sheƙar ɓera, gidan zanzaro, tsumman da wani ya manta. A kan hanya kuma fankar tana zuƙar leda, ta manne a jikin fika-fikanta, iskar ta ragu sosai ba tare da wata ƙara ba. Ka kashe injin, ka zura hannu ta baya ka laluba cikin fankar. Sannan ka danna fambel da babban yatsa a tsakiyarsa. Idan ya lotsa fiye da kimanin milimita 15, yana santsi ne idan injin ya ɗauki gudu, sai a rage washa tsakanin ɓari biyu na fulin dinamo. Ka duba robar da ta zagaye injin ta raba sama da ƙasa, domin idan ta yage, iska mai zafin da ta fito daga ƙasa da ta salansa ita fankar za ta sake zuƙa. Haka ma robobin da ke toshe ramukan fulogi, da bakuna biyun gidan fanka da ke kai iska ga hita: ko dai a haɗa su da tiyo, ko a toshe su, amma ba a barin su a buɗe.

Akwai kuma murfin injin. Na mota mai 1600 yana da tsagogin shan iska, to idan an taɓa canza shi da na tsohuwar 1200 wanda ba shi da su, injin yana shaƙewa ne. Game da tudun Jos kuma, kada ka bar ta a giya ta huɗu tana nishi. Gudun fanka yana bin gudun inji ne, ba gudun mota ba, saboda haka idan ka sauko giya ta uku injin ya ɗaga murya, iskar da yake samu ta fi yawa a daidai lokacin da ya fi buƙatarta.

Injiniya_Bukuru ya amsa:

Duk abin da ɗan'uwanmu na Sakkwato ya lissafa na dubawa daidai ne, kuma ɗaure ƙyamaren a buɗe dabara ce mai kyau ga wanda tamosta ɗinsa ya mutu bai samu wani ba. Inda muka rabu shi ne ɗaukar hakan a matsayin gyara na dindindin, musamman ga motar da take zaune a Zariya tana zuwa Jos.

Tamosta ɗin nan yana buɗewa ne tsakanin digiri 65 da 70, kuma abin da yake aunawa iskar da ta riga ta ratsa silinda ce, ba iskar gari ba. Ko a ranar da ta fi kowace zafi a Sakkwato, injin da ya kwana yana tashi ne a ƙasa da zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai. Bambancin kawai shi ne a can zai kai wannan zafi cikin 'yan mintoci, ƙyamaren su buɗe, su zauna a buɗe har a kashe motar. Ke nan tamosta mai lafiya ba ya rage wa injin iska ko kaɗan a lokacin zafi, don haka cire shi ba ya ƙara sanyi. Abin da ake rasawa idan an cire shi yana ɓangaren safiya ne. A nan tudun Jos, mai nisan kimanin mita 1,200 daga saman teku, da kuma Zariya a lokacin hunturu, injin da ba shi da tamosta yakan daɗe bai ɗumama ba. Muddin yana da sanyi, fetur ba ya ƙonewa duka, wani yana wanke man da ke jikin silinda ya gangara cikin bakin mai, raɓa kuma tana taruwa a ciki. Injin Bitil lita biyu da rabi kacal yake ɗauka na bakin mai, ba shi da filta sai rariyar ƙarfe a ƙasa, saboda haka ba shi da wurin ɓoye wannan datti. Ringi da silinda ne suke biyan kuɗin a hankali.

Batun fargabar ya maƙale a rufe kuwa, ya danganta da irin tamosta ɗin. Na asali mai lanƙwasa an ƙera shi ne yadda idan ya huje zai miƙe da kansa, sifirin kuma ya ja ƙyamaren su buɗe, wato mutuwarsa ba ta kashe inji. Idan ka leƙa da safe ka tarar da shi a miƙe ya cika mariƙinsa alhali injin yana da sanyi, ya mutu ke nan, amma ba shi ne ke kawo maka zafi ba. Wanda ake yi wa tsoro shi ne ɗan ƙaramin nan mai kakin zuma a ciki, irin wanda aka riƙa sa wa motocin da aka ƙera a Meziko, inda aka ci gaba da yin Bitil har 2003. Shi idan ya lalace yana iya tsayawa a rufe. Duk wanda yake da irinsa, ya riƙa duba shi a kai a kai.

Gwajin tamosta ba shi da wuya. A warware shi daga sandar, a sa shi cikin tukunya da ruwa, a ɗora a wuta tare da ma'aunin zafi. Idan ruwan ya kai digiri 65 zuwa 70, tsawon gwangwanin ya kamata ya kai aƙalla milimita 46. Kada a gasa shi da wutar gas ko a bar shi cikin tafasasshen ruwa ba tare da mariƙinsa ba, domin zai miƙe ya wuce iyaka ya lalace.

Sai kuma saitin mariƙin, wanda a ganina shi ne abin da aka fi kuskurewa bayan an sauke inji an mayar. Mariƙin yana da dogon rami a wurin notinsa, ana iya ɗaga shi ko a sauke shi. Ƙa'idar ita ce a murɗa tamosta a kan sandar har ƙarshe, a bar ƙyamaren su buɗe gaba ɗaya, a sassauta notin mariƙin, a matsa shi har saman tamosta ya taɓa saman mariƙin, sannan a ɗaure notin. Bayan haka ne ake jawo tamosta ƙasa a ɗaure kusarsa, ƙyamaren su rufe. Idan aka ɗaure mariƙin ƙasa da inda ya kamata, tamosta zai miƙe ya kai iyakarsa alhali ƙyamaren ba su gama buɗewa ba. Motar za ta yi lafiya a cikin gari, sai a kan babbar hanya ta fara zafi, kuma mai ita zai canza abubuwa da yawa bai gano dalili ba.

Mai_Bitil_Zariya ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Mun bi abin da Baba ya tsara, ni da bakaniken, kuma ga abin da muka tarar. Tamosta na asali ne mai lanƙwasa, yana tsuke da safe, kuma da muka gwada shi a ruwan zafi ya miƙe yadda Injiniya ya faɗa. Amma da muka kwance kusarsa bai yi tsalle sama ba, sai da muka tura sandar da hannu. Da na laluba bayan gidan fanka, babu sifirin sam, dogon ƙarfen kuma ya fita daga hannuwan ƙyamaren hagu yana lilo, ƙananan maƙalan da ke riƙe shi sun ɓace. Ƙyamaren dama suna motsi, ko da yake da ɗan tauri. Na hagu kuwa ɗaya yana juyawa da ƙyar, ɗayan ya kafe kusan a rufe, ko da filaya bai motsa ba.

Fambel ɗin daidai yake, murfin injin mai tsagogi ne, ba mu samu komai a cikin fankar ba, sai dai robar da ta zagaye injin ta yage a kusurwar hagu, kuma roba ɗaya ta ramin fulogi babu ita. Yanzu bakaniken ya yarda a gyara maimakon a jefar. Tambayata ta gaba ita ce, za a iya ciro gidan fankar injin yana cikin mota, ko dole a sauke shi? Kuma da yake na yi tafiye-tafiye da ita a cikin wannan hali, me ya kamata a duba don a san ko zafin ya riga ya yi ɓarna?

Tsohon_Bakanike ya amsa:

Madalla. Ƙyauren da ya kafe a hagu ya isa ya bayyana duk abin da ka gani, domin silinda ta 3 da ta 4 suna aiki ne da ɗan abin da ya tsallake na iska. Ana iya ciro gidan fanka injin yana ciki idan aka cire murfin baya da maƙalansa da kafireto, amma a injin 1971 zuwa sama, wanda na'urar sanyaya bakin mai take a wani ɗan ɗaki na daban a bayan gidan fankar, wurin ya matse ƙwarai. Ni dai shawarata a sauke injin. Kusoshi huɗu ne suka riƙe shi da giyabos, bakaniken da ya saba ba zai daɗe ba, kuma a ƙasa ne za a ga komai da ido. Kafin a ɗaga gidan fankar a tabbata an warware tamosta daga sandarsa, domin sandar tana bi ta wani ƙaramin rami tsakanin haƙarƙarin tof-silinda, idan aka fizga za ta lanƙwashe.

Kowane jerin ƙyamare sukurori ne suka riƙe shi a gindin gidan fanka. A ciro su, a jiƙa mahaɗan da kananzir ko man kwance tsatsa, a riƙa motsa su a hankali har su saki, a goge da burushin ƙarfe. Kada a buga su da guduma, domin farantin siriri ne, idan ya karkace zai riƙa gogar bangon gidan fanka ya sake maƙalewa da zarar ƙarfe ya ɗauki zafi. Kada kuma a shafa musu giris, ƙurar hunturu za ta haɗu da shi ta zama laka. Garin girafait busasshe ya wadatar. Dogon ƙarfen a duba shi da kyau, saboda na gidan fanka irin naka ya bambanta da na injunan da suka gabace shi, an yi masa lanƙwasa don ya kauce wa ɗakin na'urar sanyaya mai. Idan na tsohon inji aka sa maka lokacin haɗawa, shi ya sa ya tokare har ya tumɓuke maƙalansa. A nemi sifirin na ainihi wurin masu tsofaffin kayan Volkswagen, wanda ba ya da wuyar samu tun da an haɗa motocin nan a Legas daga 1975 kuma gawarwakinsu suna nan a gareji da yawa. Sifirin da ya fi ƙarfi zai hana tamosta rufe ƙyamaren, mai rauni kuma ba zai buɗe su ba.

Tun da injin yana ƙasa, a wanke haƙarƙarin silinda da na'urar sanyaya mai, domin bakin man da ya yi yoyo ya haɗu da ƙura yakan toshe su. A leƙa ƙasan silindoji a tabbata ƙananan farantan nan biyu masu karkata iska suna nan, ɗaya a kowane gefe, saman bututan sandunan bawul. Ana yawan manta su wajen haɗa inji, kuma ba sa shiga sai an sake cire tof-silinda.

Game da ɓarna, bawul ne zai ba ka labari. Injin yana da sanyi, a auna ratar kowane bawul, wadda ya kamata ta zama milimita 0.15. Ka sa ido musamman a kan bawul ɗin hayaƙi na silinda ta 3 da ta 4. Idan an tarar ratarsu ta rufe, a saita, a yi tafiya kaɗan, a sake aunawa. Bawul ɗin da ratarsa take ta rufewa bayan kowane saiti yana miƙewa ne saboda zafin da ya sha, ko mazauninsa yana nutsewa, kuma ƙarshensa shi ne kansa ya cire ya faɗa kan fistin. Irin wannan ba a jira, canza shi ake yi. A gwada matsin kowace silinda: lafiyayyen 1600 yana ba da bar 8 zuwa 10 a ma'aunin matsi, ƙasa da 7 ya gaji, kuma bambanci tsakanin silinda da silinda kada ya wuce 2. A sake ɗaure notocin tof-silinda na hagu da sifana mai auna ƙarfi, domin zafi yana sassauta su. A zubar da bakin man da ya dahu, a wanke rariyar, a zuba sabo. A ƙarshe a duba tayimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, da fitilar tayimin, kada wutar ta yi gaba fiye da digiri 28 zuwa 32 na juyin fuli idan injin ya kai wajen juyi 3,000 a minti, domin tayimin da ya yi gaba da yawa shi ma yana kawo wannan ƙara ta kas-kas ko da iska ta wadata.

Idan an mayar da injin, kada a rufe farantin ƙasan dama tukuna. A tayar da shi da safe a zuba wa tamosta ido, ya kamata a ga yana miƙewa a hankali har ya taɓa saman mariƙinsa, sannan a kashe injin a laluba ƙyamaren hagu a tabbata sun bi na dama har ƙarshe. Tafiyar gwaji ta farko ka yi ta a shimfiɗaɗɗiyar hanya kamar ta Zariya zuwa Kano, ka tsaya a hanya ka taɓa gejin mai ka kwatanta murafan bawul biyun, kafin ka sake gwada tudun Saminaka.